Medigap: yadda ake toshe giɓin da Medicare ke bar wa dattawanmu a Amurka

Ranar da katin Medicare na kawuna ya iso, mai launin ja da fari da shuɗi, ya kira ni yana ta godiya ga Allah. Medicare ita ce inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu shekara 65 zuwa sama. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana aiki a wata jiha ta kudancin Amurka, ana cire masa haraji a kowane albashi, kuma a ganinsa daga ranar nan gwamnati ta ɗauke masa nauyin asibiti. Bayan wata goma sha huɗu likitoci suka gano ciwon daji a hanjinsa. Medicare ta biya nata kason yadda doka ta ce, sauran kuma ya riƙa zuwa gidan a cikin ambulan ɗin wasiƙa, wata bayan wata. Da muka tashi neman inshorar ƙari, wato Medigap, kamfani uku suka duba tarihin lafiyarsa suka ce ba za su karɓe shi ba. Doka ta ba su wannan damar, domin wata shidan da ba su da ikon ƙin sa sun wuce tun wata takwas baya, ba tare da wani a cikinmu ya san da su ba.

Wannan jagorar don mai kusan cika shekara 65 a Amurka ce, da kuma ɗa ko 'yar da ta ɗauko iyaye daga Kano, Damagaram ko Kumasi tana kula da takardunsu. Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, amma abin da na fi so ka riƙe shi ne lokaci: inshorar ƙari ana sayen ta ne mutum yana da lafiya, a cikin wani ɗan taƙi da ba ya dawowa.

Ina giɓin yake?

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar Medicare ranar 30 ga Yuli, 1965. Tun farko an tsara ta ne ta biya mafi yawan kuɗin jinya, ta bar wani kaso a kan mai jinya. Sashen A shi ne na kwanciya asibiti. Sashen B na ganin likita ne, da gwaje-gwaje, da aikin tiyatar da ba a kwana, da magungunan da ake yi wa mutum a asibiti kamar na daji, da wankin ƙoda. Waɗannan biyun ake kira Medicare ta asali.

Ga abin da ke kanka, da lissafin shekarar 2025. In an kwantar da kai, za ka biya dala 1,676 kafin Sashen A ya fara biya, kuma wannan kuɗin ba na shekara ba ne: in ka fita ka yi kwana 60 a waje sannan aka sake kwantar da kai, za ka sake biyan sa. Daga kwana na 61 zuwa na 90 kana biyan dala 419 kullum. Bayan nan akwai kwana 60 na ajiya da ake ba mutum sau ɗaya a rayuwarsa, kowanne a kan dala 838. In aka kai ka gidan jinya na farfaɗowa bayan asibiti, kwana 20 na farko ba ka biyan komai, daga na 21 zuwa na 100 kuma dala 209.50 a rana.

Sashen B ya fi ban tsoro duk da cewa lambobinsa sun fi ƙanƙanta a ido. Kana biyan dala 185 kowane wata, da dala 257 na farko a shekara, sannan kashi 20 cikin 100 na duk abin da ya biyo baya. Wannan kashi 20 ɗin ba shi da iyaka. A ɗauka maganin daji na shekara ya kama dala 80,000 a farashin da Medicare ta amince da shi. Dala 16,000 na kanka ne, kuma in jinyar ta shiga shekara ta biyu lissafin ya ci gaba. Lambobin suna hawa kusan kowace shekara. A 2026 kuɗin wata na Sashen B ya koma dala 202.90, kuɗin farko kuma 283.

Medigap inshora ce ta kamfanoni masu zaman kansu da ke zaune a bayan Medicare ta asali. Medicare ta biya nata, ta tura ragowar ga kamfanin, kamfanin ya biya gwargwadon tsarin da ka saya. Yawanci ba ka cika takarda ba ka bin kowa, na'ura ce ke miƙa wa na'ura.

Mataki na farko: tabbatar da matsayinka a Medicare

Ba a sayar da Medigap sai ga wanda ke da Sashen A da Sashen B duka biyun. Don haka a nan za a fara.

Wanda ya yi aiki ya biya haraji har ya tara maki 40, wato kimanin shekara goma, yana samun Sashen A ba tare da kuɗin wata ba. Matarsa ma tana samu ta dalilinsa ko da ba ta taɓa aiki ba. A 2025 ana samun maki ɗaya a kan kowace dala 1,810 ta kuɗin shiga, kuma ba a wuce maki huɗu a shekara. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai, masu tuƙin tasi da masu kitso da masu ƙananan shaguna: shekarun da aka yi ana karɓar kuɗi a hannu ba a bayyana wa hukumar haraji ba, ba sa cikin lissafi. Ka buɗe asusu a shafin Social Security, hukumar fanshon gwamnati, ka ga makinka tun kana shekara sittin, lokacin da akwai sauran damar cikewa.

Iyayen da aka ɗauko da katin zama na dindindin ba su da maki. Su doka ta ce sai sun yi shekara biyar a jere suna zaune a Amurka sannan za su iya sayen Medicare, kuma Sashen A nasu ba kyauta ba ne: dala 518 a wata a 2025, ko 285 ga mai maki 30 zuwa 39. Ka haɗa da na Sashen B, ka ga kuɗin ya haura dala 700 tun ba a zo kan Medigap ba. Iyali su zauna su yi wannan lissafin tun kafin shekara biyar ɗin ta cika. Haka kuma wata doka da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta taƙaita Medicare ga 'yan ƙasa da masu katin dindindin da wasu rukunoni kaɗan, don haka wanda ke zaune da matsayin ɗan gudun hijira ko kariyar wucin gadi ya nemi lauyan shige da fice ya duba masa.

Mataki na biyu: ka san ranar da Sashen B naka zai fara

Lokacin rajista na farko wata bakwai ne: wata uku kafin watan da za ka cika 65, watan kansa, da wata uku bayansa. In ka bari ya wuce ba tare da inshorar wurin aiki ba, za a ƙara maka kashi 10 cikin 100 a kuɗin wata saboda kowace cikakkiyar shekara da ka yi jinkiri, kuma tarar tana bin ka muddin kana da Sashen B.

Wanda har yanzu yake aiki, ko matarsa ke aiki, a wurin da ke da ma'aikata 20 ko fiye kuma yana cikin inshorarsu, yana iya jinkirta Sashen B ba tara. In aikin ya ƙare yana da wata takwas ya yi rajista. Inshorar COBRA, wadda ake ci gaba da biya bayan barin aiki, ba ta shiga wannan rangwamen, kuma mutane da yawa sun faɗa wannan ramin.

Me ya sa na tsaya a kan wannan? Domin agogon Medigap yana fara bugawa ne daga ranar ɗaya ga watan da ka kasance kana da shekara 65 ko fiye kuma kana da Sashen B. In ka karɓi Sashen B alhali kana da inshorar aiki mai kyau, wata shidanka za su ƙone a banza. Rubuta wannan ranar a takarda ka manna inda kake gani kullum.

Mataki na uku: zaɓi hanya tsakanin biyu

Da zarar ka kusa 65 akwatin wasiƙunka zai cika da tallan Medicare Advantage, wanda ake kira Sashen C. Wannan wata hanya ce dabam: kamfani ne ke karɓar ragamar jinyarka gaba ɗaya a madadin gwamnati. Yawancin tsare-tsarensa ba su da ƙarin kuɗin wata a kan na Sashen B, suna haɗawa da magani, wasu da ɗan abin haƙori da tabarau, kuma suna da iyakar abin da za ka kashe a shekara. A ɗaya ɓangaren kuma akwai jerin likitoci da asibitocin da aka yarje maka, da neman izinin kamfani kafin wasu ayyuka, da biyan wani abu a kowace ziyara.

Ba a haɗa Medigap da Medicare Advantage. Haramun ne a doka wani ya sayar maka da Medigap yana sane kana cikin Advantage, sai in fita za ka yi. Da Medicare ta asali da Medigap kuwa, duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar naka ne, ba sai an rubuta maka takardar turawa ba. Dattijuwar da ke wata uku wajen ɗanta a Houston, wata uku wajen 'yarta a Bronx, wannan 'yancin ya fi mata komai.

Ra'ayina shi ne, wanda zai iya ɗaukar kuɗin watan Medigap ba tare da ya taɓa abincin gida ba, ya ɗauka. Dalilina kuwa shi ne ƙofofin biyu ba iri ɗaya suke buɗewa ba. Daga Medigap zuwa Advantage kana iya komawa kowace shekara, tsakanin 15 ga Oktoba da 7 ga Disamba, ba mai tambayar lafiyarka. Daga Advantage zuwa Medigap kuwa, a yawancin jihohi sai kamfani ya yarda. Mutum yakan so komawar ne daidai lokacin da ciwo ya kama shi, wato lokacin da ba za a yarda ba.

Na san a cikinmu akwai masu tambayar halaccin inshora a addini. Malamai sun yi saɓani a kan inshorar kasuwanci, kuma da yawa sun yi sauƙi a kan ta lafiya saboda larura, musamman a ƙasar da jinya ɗaya ke iya cinye dukiyar gida. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, amma ka yi tambayar da wuri, kada watannin su ƙare kana jiran amsa.

Mataki na huɗu: wata shidan nan

A cikin wata shida daga fara Sashen B, dokar tarayya ta tilasta wa kowane kamfani da ke sayar da Medigap a jiharka ya sayar maka da duk tsarin da yake da shi, a farashin da yake ba mai lafiya. Ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, daji, ba wanda zai sa a ƙi ka ko a ƙara maka kuɗi. Sau ɗaya ake ba da wannan damar. Mutane da yawa suna zaton lokacin nan na Oktoba zuwa Disamba da ake ta talla a talabijin yana sake buɗe ta. Wancan na Advantage ne da na magani. Bai shafi Medigap ba.

Akwai wani sharaɗi guda da ya kamata ka sani. Kamfani yana iya ƙin biyan kuɗin ciwon da aka gano ko aka yi wa magani a wata shidan da suka gabata, har tsawon wata shida na farko. Amma in kana da wata inshorar lafiya na aƙalla wata shida kafin nan, kuma ba ka yi fiye da kwana 63 ba tare da inshora ba, wannan jiran ya faɗi. Saboda haka ka nemi takardar shaida daga tsohuwar inshorarka ka ajiye. A lokacin jiran ma Medicare tana biyan nata kason. Ragowar ne kawai ke kanka.

Jihohi kaɗan sun fi dokar tarayya sauƙi. A New York da Connecticut kana iya sayen Medigap a kowane lokaci na shekara ba tare da binciken lafiya ba, shi ya sa kuɗin wata a can yake da tsada. California tana da dokar ranar haihuwa, wadda ke ba mai Medigap kwana 60 kowace shekara ya koma wani tsari daidai da nasa ko ƙasa da shi ba tare da tambayar lafiya ba. Kada ka ɗauki abin da ɗan'uwanka na Bronx a New York ya gaya maka ka yi aiki da shi a Texas ko Georgia.

Ka cika takardar tun kafin Sashen B ya fara, ka nemi ranar farawarsu ta zo ɗaya. Kamfanoni da yawa suna karɓar takarda watanni kafin lokaci.

Mataki na biyar: zaɓi harafi

Tun daga dokar 1990 aka daidaita tsare-tsaren Medigap aka ba su haruffa. Yanzu akwai A, B, C, D, F, G, K, L, M da N. Tsarin G na wannan kamfani da Tsarin G na wancan abu ɗaya suke biya, harafi da harafi. Bambancin kawai farashi ne da yadda kamfanin ke mu'amala da mutane. Jihohi uku, Massachusetts da Minnesota da Wisconsin, suna da nasu tsarin dabam. Kada kuma ka rikita Tsarin A ko B na Medigap da Sashen A ko B na Medicare. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Dukkansu suna biyan kason kwanciya asibiti, har da ƙarin kwana 365 bayan na Medicare sun ƙare. Daga nan suka rabu. Tsarin C da F an rufe su ga duk wanda ya fara cancantar Medicare daga 1 ga Janairu, 2020 zuwa gaba, don haka yawancin masu karanta wannan zaɓinsu na gaske uku ne.

Tsarin G yana biyan komai in ban da kuɗin farko na Sashen B. Ka biya wannan sau ɗaya a shekara, shi ke nan, ko an yi maka tiyata uku. Ga mai ciwon da ke kai shi asibiti a kai a kai, ko wanda ba ya son ganin takardar bashi ko kaɗan, wannan ne.

Tsarin N ya fi araha a wata. A madadin haka za ka biya har dala 20 a wasu ziyarce-ziyarcen likita, da har dala 50 in ka je sashen gaggawa ba a kwantar da kai ba. Kuma ba ya biyan abin da ake kira ƙarin caji: likitan da bai amince da farashin Medicare ba doka ta yarje masa ya ɗora har kashi 15 cikin 100 a kai. Mafi yawan likitoci sun amince da farashin, kuma jihohi irin su Ohio da Pennsylvania sun hana ƙarin cajin. Tambaya ɗaya a wajen mai karɓar baƙi, ko likitan yana karɓar farashin Medicare a matsayin cikakken biya, ta isa ta raba ka da wannan. Yi lissafi da biro: in bambancin G da N dala 35 ne a wata, wato 420 a shekara, sai ka ga likita fiye da sau ashirin kafin G ya fi riba.

Na uku shi ne G mai babban kuɗin farko. Kai za ka ɗauki dala 2,870 na farko a shekara, da lissafin 2025, sannan ya koma G cikakke. Kuɗin watansa kaɗan ne ƙwarai. Ya dace da mai ƙoshin lafiya da ke da ajiyar da za ta ɗauki wannan adadin ba tare da ya ci bashi ba.

K da L suna biyan rabi da kashi 75 cikin 100 na yawancin giɓin, da iyakar shekara ta dala 7,220 da 3,610 a 2025. A da B ba sa biyan kason gidan farfaɗowa. Ban cika ba mutanenmu shawarar waɗannan huɗun ba, saboda dalilin da ke tafe.

Mataki na shida: ka sa tafiya gida da aikin Hajji a lissafi

Medicare ta asali ba ta biyan jinya a wajen Amurka, sai a wasu yanayi ƙalilan da suka shafi kan iyaka. In ciwo ya kama Baba a Kano, ko Hajiya ta faɗi a Mina, katin nan mai launi uku ba shi da amfani a wurin.

Tsarin C, D, F, G, M da N suna da tanadin gaggawa na ƙasar waje. Za ka biya dala 250 na farko a shekara, kamfani ya biya kashi 80 cikin 100 na ragowar, har zuwa dala 50,000 a tsawon rayuwa. Sharaɗin da ya fi cin mutanenmu shi ne dole ciwon ya fara a cikin kwana 60 na farkon tafiyar. Hajji da Umra sukan shiga cikin wannan. Zuwa gida na wata huɗu, daga azumi har bayan babbar salla, rabinsa na waje. Kuma gaggawa ce kawai: zuwa duba sukari ko sayen maganin hawan jini ba ya ciki, haka ma kai gawa gida. A, B, K da L ba su da wannan tanadin sam.

A can za ka biya daga aljihunka ne, ka dawo ka nemi a mayar maka. Don haka ka karɓi rasit mai bayanin kowane abu, da rahoton likita mai hatimin asibiti, ka ajiye tikitin jirgi don nuna ranar fita. Takardun Nijar ko Kamaru da ke cikin Faransanci ka sa a fassara su. Mai niyyar daɗewa ya sayi inshorar tafiya dabam, wadda ta haɗa da ɗauko maras lafiya a jirgi.

Wani abu kuma: wasu dattawa in sun koma gida zama sukan dakatar da Sashen B don su huta da biyan wata. Ranar da ciwo ya dawo da su, sai su tarar da tara, da jiran lokacin rajista na Janairu zuwa Maris, ga Medigap ta tafi. In akwai yiwuwar dawowa jinya, a ci gaba da biyan duka biyun.

Mataki na bakwai: kwatanta farashi

Ka shiga shafin Medicare.gov ka sa lambar unguwarka, zai nuna maka kamfanonin da ke sayar da harafin da ka zaɓa. Za ka ga tazara mai faɗi a kan abu ɗaya. Amma farashin yau rabin labari ne. Ka tambayi yadda suke tsara shi, domin hanya uku ce. Akwai wanda kowa ke biyan kuɗi ɗaya ba ruwan shekaru. Akwai wanda ke tsayawa a kan shekarunka na ranar saye. Akwai kuma wanda ke hawa yayin da kake tsufa, kuma shi ne ya fi araha a 65, ya fi nauyi a 80, lokacin da sauya kamfani ya yi wuya. Dukkan ukun suna iya hawa saboda tsadar jinya.

Ka tambayi kowane kamfani nawa ya ƙara a kowace shekara cikin shekara biyar da suka wuce. Ka tambayi rangwamen gida, domin Medigap mutum ɗaya take rufewa, miji da mata kowa da tasa, kuma kamfanoni da yawa suna rage wani abu in su biyu ne. In ka ga kalmar SELECT a jikin suna, wannan yana da jerin asibitoci na dole, shi ya sa ya fi araha.

Dillalin inshora kamfani ne ke biyan sa lada, ko da ɗan garinku ne kuna salla a masallaci ɗaya. Ka saurare shi, amma ka ji ta bakin wanda ba shi da riba. Kowace jiha tana da ofishin ba da shawara kyauta da ake kira SHIP. A New York sunansa HIICAP, a California HICAP. Layin Medicare, 1-800-633-4227, yana aiki dare da rana, kuma kana iya neman tafinta ba tare da biya ba.

Mataki na takwas: cika takarda

Ka riƙe katin Medicare a hannu, domin za a nemi lambarsa da ranakun fara Sashen A da B. In kana cikin wata shidanka, amsoshin lafiya ba za su sa a ƙi ka ba. In kana wajensu, ka faɗi gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙarya a takarda na daga cikin 'yan dalilan da ke ba kamfani damar soke inshorar daga baya. Ban da wannan da rashin biya, ba su da ikon korar ka komai yawan jinyarka. Saboda haka ka sa a riƙa cire kuɗin daga banki kai tsaye, musamman in kana yawan tafiya. Ka biya da sunan kamfani, kada ka miƙa wa dillali kuɗi a hannu.

In sauya kamfani kake yi, kana da kwana 30 na dubawa. Kada ka soke tsohuwar sai sabuwar ta zo a rubuce. Gara ka biya biyu na wata ɗaya.

Mataki na tara: abin da ya rage a waje

Medigap da ake sayarwa tun 2006 ba ta biyan maganin da kake saye a kantin magani. Wannan aikin Sashen D ne, kuma sai ka saye shi dabam. Ko ba ka shan komai yanzu ka ɗauki mafi araha, domin jinkiri yana da tarar da ke ƙaruwa da kowane wata. A 2025 an sa iyakar dala 2,000 a shekara a kan abin da mutum zai kashe a magungunan da tsarinsa ya ƙunsa, insulin kuma ba ya wuce dala 35 a wata. Haƙori, tabarau, na'urar ji, da mai kula da tsoho a gida na dogon lokaci duk ba sa cikin Medigap.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya fara duba Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi, da shirye-shiryen jiha da ke biya wa mutum kuɗin Medicare. Wanda ya samu cikakkiyar Medicaid ba ya buƙatar Medigap. In yana da Medigap tun da, yana iya dakatar da ita har wata 24 in ya sanar da kamfani cikin kwana 90.

In wata shidan sun riga sun wuce

Ka fara duba ko kana cikin waɗanda doka ta ba dama ta biyu. Wanda ya shiga Advantage tun farkon cikarsa 65 yana da wata 12 na gwaji. In ya fita a cikinsu zai iya sayen Medigap ba tare da binciken lafiya ba. Wanda ya bar Medigap ya gwada Advantage a karon farko shi ma yana da wata 12 ya koma tsohon tsarinsa. Haka in tsarin Advantage ɗinka ya daina aiki a yankinka, ko ka ƙaura daga yankinsa, ko inshorar tsohon wurin aikinka da ke bayan Medicare ta ƙare. A irin waɗannan kana da kwana 63 daga ƙarewar inshorar, kuma wasiƙar da aka aiko maka ita ce hujjarka, don haka kada a jefar da ita.

In ba ka cikin ko ɗaya, ka nema duk da haka. Kamfanoni ba tambaya ɗaya suke yi ba, kuma mai hawan jini ko sukarin da ke ƙarƙashin kulawa sau da yawa ana karɓar sa.

Kawuna bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da muka yi shi ne muka jira 15 ga Oktoba, muka rubuta sunan likitansa na daji da asibitinsa da kowane magani da yake sha, muka bi tsare-tsaren Advantage na yankinsa ɗaya bayan ɗaya har muka samu wanda ya ƙunshi dukkansu. Advantage ba ya ƙin mutum saboda ciwo, kuma doka ta sa masa iyakar shekara, wadda a 2025 ba ta wuce dala 9,350 ga jinyar cikin jerin likitocinsa. Bashin da ya riga ya taru kuma muka kai ofishin taimakon kuɗi na asibitin da takardun harajinsa, suka yafe wani kaso, suka raba sauran a kan biyan wata-wata.